Kafin Ka Jefar Da Ƙwaƙwalwar Jirginka

Yawancin ƙananan jiragen sama da ake sarrafawa da rimot a yau, masu fiffike da masu farfela huɗu irin waɗanda masu ɗaukar hoto ke tayarwa a wurin biki, suna ɗauke da wani ɗan allo na lantarki wanda shi ne ƙwaƙwalwarsu. A kansa akwai ma'aunin juyawa da na karkata, wasu har da ma'aunin matsin iska, sannan a jona masa kamfas da GPS. Manhajoji irin su Betaflight da INAV da ArduPilot su ke karanta waɗannan ma'aunai sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa guda, su umarci injina. Da jirgi ya rikito, a kan wannan allo ake fara ɗora laifi, a cire shi a sayo sabo. Sau da yawa kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki. Allon yana aiki ne da abin da aka ba shi: wuta, da labarin ma'aunai, da umarnin rimot. Idan ɗaya ya gurɓata, lafiyayyen allo ma zai kayar da jirgi.

A fara da wuta. Kowane ɗaki na batirin LiPo yana cika ne a bolt 4.2, mai ɗaki huɗu ke nan yana ba da bolt 16.8, alhali allon bolt 5 yake bukata, guntun lissafinsa kuma 3.3. Akwai ɗan sashe mai rage wutar, kuma nan rauni yake. A jirgi mai fiffike, idan ɗaya daga ƙananan injinan da ke motsa wutsiya ko gefen fiffike ya cije, sai ya zuƙe wuta, bolt 5 ɗin ya faɗi na ƙiftawar ido, allon ya mutu ya sake tashi a sama. Tsohon batir da ke durƙushewa idan an ba jirgi wuta, da wayar da dalmarta ba ta kama ba, duk haka suke yi. Bayan faɗuwa sai a jona allon a kwamfuta a ga lafiyarsa lau, domin wutar USB yake sha, ba ta batir ba. Mitar auna wuta da kyakkyawan kallo a kan kowace mahaɗa su ke tona wannan asiri.

Na biyu shi ne abin da ma'aunai ke faɗa wa allon. Farfela mai tsagewa, ko inji mai lanƙwasasshen ƙarfe, ko ƙurar hunturu da ta shiga boris, suna haifar da karkarwa. Ma'aunin juyawa ba ya bambance ta da motsin gaske, sai allon ya yi ta gyaran abin da bai faru ba, injina su yi zafi, jirgi ya riƙa rawa. Shi ya sa ake ɗora allon a kan 'yan robobi. Kamfas kuma yana ruɗewa idan ya kusanci manyan wayoyin batir ko rodin da ke cikin kankare, alamarsa ita ce jirgin da aka ce ya tsaya wuri ɗaya ya fara kewaya yana faɗaɗa da'ira. Jirgin da ya kife da zarar ya ɗaga kuwa, kusan kullum kuskuren haɗi ne: an juya farfela, ko an saɓa jerin injina, ko an ɗora allon yana fuskantar wani ɓangare ba a gaya wa manhaja ba. Haka nan idan saƙon rimot ya yanke saboda karyayyiyar eriya, allon zai bi abin da aka tsara masa tun farko, ko ya kashe injina ko ya nufi gida. Wannan biyayya ce, ba lalacewa ba.

Mai musu zai ce ai allo na ƙonewa. Gaskiya ne. Juya wayar batir, ko ɗigon dalma da ya haɗa ƙafafu biyu, ko ruwa, ko mummunan karo, suna kashe shi, kuma alamunsa ba sa ɓuya: guntu mai zafin da yatsa ba ya jurewa, ko hoton jirgi a kwamfuta da ba ya motsi idan an karkata allon. Amma ko kwamfuta ta ƙi ganinsa, a gwada wata wayar USB tukuna, don wasu na caji ne kawai, sannan a danne maɓallin boot da ke kan allon a sake zuba manhaja. Wani kuma zai ce sayen sabo ya fi bincike sauƙi. Wannan lissafi bai fita ba, musamman ga wanda sai ya yi odar kaya daga waje ya jira makonni. Sau da yawa abin da ya rikita allon farko yana nan cikin jirgin yana jiran na biyu.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin allon kansa. Betaflight na nuna dalilin da ya sa ya ƙi tayar da injina, kuma shi da ArduPilot suna iya adana bayanan tafiya: ƙarfin batir, da karkarwa, da lokacin da saƙo ya yanke. Saboda haka, mai jirgi, ka cire farfela kafin kowane gwaji, ka auna wuta, ka duba mahaɗai, ka karanta bayanan, kuma ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda. Sai waɗannan duka sun wanke kansu sannan ka yanke wa allon hukunci.