Injin Yanka Bai San Mai Shi Ba

Duk wanda ya ratsa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Jos, kunnensa ne zai fara gaya masa inda ya shigo. Ga ƙarar injin yankan ƙarfe, ga kukan zarton lantarki yana tsaga katako, ga ƙugin janareta a bayan kowane shago. Aikin da maƙeri ko kafinta kan wuni yana fama da shi da zarto da magagari, yau minti goma ya ishe shi. Babu mai hankalin da zai ce a koma gidan jiya. Sai dai in ka tsaya ka ƙare wa injinan da ke hannun samarin nan kallo, za ka ga da yawa an kwance murfin ƙarfen da ke rufe rabin faifan, an cire mariƙin gefe, wayar kuma duk ɗauri ne da leda. Ka tambaya, amsar ɗaya ce: murfin yana tare wa mutum gani, yana kuma rage sauri.

Bari mu fara da injin yanka da gugar ƙarfe na hannu, domin shi ne ya fi yawo. Mai walda yana da shi, mai sa tayil yana da shi, mai gyaran jikin mota da mai aikin famfo duk suna da shi. Ƙaramin, mai ɗaukar faifai inci huɗu da rabi, yana juyawa wajen sau 11,000 zuwa 12,000 a minti ɗaya. Ma'ana, bakin faifan yana gudun da ya haura kilomita 230 a awa, kuma tazarar da ke tsakaninsa da fuskar mai aiki ba ta kai kamu uku ba. Faifan nan ba ƙarfe ba ne. Garin dutse ne mai kaifi da aka haɗa da danƙo, aka ƙarfafa shi da ragar zare. Na yanka, kaurinsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Idan ya fashe yana cikin gudu, ɓaraguzansa fita suke kamar harsashi, kuma aikin murfin nan shi ne ya tare su, ya juya su nesa da wuya da fuska.

Ɗauki sabon faifai ka duba fuskarsa da kyau. Akwai lamba da aka buga wadda ke nuna iyakar juyin da zai iya ɗauka a minti. Faifai mai inci bakwai iyakarsa wajen 8,500 ce, mai inci tara wajen 6,600. A kan zoben ƙarfen da ke tsakiya kuma akwai wata da shekarar da wa'adinsa zai ƙare, yawanci shekara uku daga lokacin da aka yi shi, saboda danƙon yana rauni idan ya daɗe, musamman in ya sha laimar damina a ƙasan shago. Mutane ƙalilan ne ke duba waɗannan lambobi. Abin da ya sa tarkon ya yi muni shi ne, ramin tsakiyar babban faifai da na ƙarami sau da yawa girmansu ɗaya ne, don haka babban yana shiga ƙaramin inji lafiya lau, muddin an cire murfin. A nan ne ake haɗa ganganci biyu a lokaci guda: an sa faifan gudun da ya fi ƙarfinsa, an kuma kawar da abin da zai kare mutum in ya tarwatse. Ƙarfin da ke neman yaga faifai ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba. In gudun ya ninka biyu, ƙarfin ninki huɗu yake yi.

Akwai wanda ya fi wannan muni, wato ɗaura wa injin faifan zarto mai haƙora don a yanka katako ko reshen itace. Haƙoran suna cafkar kulli ko ƙusa, injin ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi kafin ya ƙifta ido. Wannan tsallen shi ne tushen munanan raunuka da yawa, kuma ko da faifai na ƙa'ida yana faruwa idan bakin yankan ya matse shi. Shi ya sa gwanaye ke ɗaure abin da za su yanka da kyau, su tokare shi ta yadda yankan zai riƙa buɗewa maimakon rufewa, su riƙe injin da hannu biyu, su kuma kauce daga layin faifan. Taka rodi da ƙafa, da silifa, a yanka shi da hannu ɗaya, ba gwaninta ba ce ko da an shekara ashirin ana yi ana tsira. Haka nan gugar ƙarfe da gefen siririn faifan yanka: ba a yi shi don a danna shi ta gefe ba, akwai mai kauri da aka yi domin hakan.

Wani haɗarin kuma namu ne na musamman, saboda yanayin wutarmu. Ana tsakar aiki sai a ɗauke wuta. Yaro ya ajiye injin a ƙasa ko a kan benci, makunnin yana nan a kulle a kunne, ya tafi shan ruwa ko alwala. Can sai a kawo wuta, ko a tayar da janareta, injin ya tashi shi kaɗai yana birgima a tsakanin ƙafafun mutane. Wasu sababbin injina ba sa tashi da kansu bayan yankewar wuta, amma masu arahar da suka cika kasuwa ba su da wannan dabara. Maganin bai da tsada: da an ɗauke wuta a kashe makunni, a zare filogi. Haka kuma duk lokacin da za a canza faifai, ko bakin injin huda, ko za a cire ɗan katakon da ya maƙale a zarto, a zare daga soket tukuna. Kashe makunni kaɗai bai wadatar ba.

Ita kanta wutar, wadda muke amfani da ita bolt 230 ce, kuma ta isa ta kashe ƙato. Abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, kuma ba ta da yawa ko kaɗan. Kaɗan ta isa ta ƙanƙame tsokar hannu har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, in ta ƙaru kaɗan kuma ta rikita bugun zuciya. Busasshiyar fata tana ɗan tare ta, amma mai aiki a watan bazara jiƙe yake da gumi, wani lokacin ma tsaye yake a kan jiƙaƙƙen siminti ba takalmi. Al'adar cusa tsiraran wayoyi a soket a tokare su da tsinken ashana ta ci rayuka, kuma ban ga wani uzuri da za a ba ta ba, don filogi bai kai kuɗin kwanon abinci biyu ba. Mutane da yawa suna zaton fis ko bireka da ke shago zai cece su. Waɗannan wayar gini suke karewa daga ƙonewa. Abin da ke kare mutum wata na'ura ce dabam, mai yanke wuta cikin ƙasa da ƙiftawar ido da zarar ta ji miliyamfa 30 sun zurare ta inda bai kamata ba. Duk mai aikin wayarin na gari ya san ta, kuma kowane shago da wurin gini ya kamata a ce yana da ita. Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe daga tushe, ko a ture wayar da busasshen itace.

Ido kuwa, ma'aikatan asibitocin ido irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna sun saba da masu zuwa da ɓurɓushin ƙarfe a ido. Ɗan ƙarfen da ya maƙale a baƙin ido yana fara tsatsa cikin sa'o'i kaɗan, ya bar zobe wanda sai likita ya kankare. Abin da ake yi a shago, na cirewa da tsinken ashana ko maganaɗisu ko bakin takarda, yana ƙara miki ne kuma yana shigar da ƙwayoyin cuta. In abin ya huda ido ya shige ciki, ba a murzawa, ba a dannawa, ba a ɗiga komai. A kifa wani abu mai zurfi kamar gindin kofin roba a kai, a tafi asibiti. Baƙin tabarau na kwalliya ba kariya ba ne. Na aiki an yi shi da roba mai tauri, kuma yana rufe gefe.

Sannan ga cutarwar da ba ta zubar da jini, shi ya sa ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Masana sun tsayar da cewa ƙarar da ta kai desibel 85, in aka wuni awa takwas a cikinta kullum, tana lalata ji. Injin yankan ƙarfe da zarton lantarki kan kai 95 zuwa sama da 100. Ƙananan gasun da ke cikin kunne masu ɗaukar sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. Wannan ne ya sa za ka ga dattijon da ya yi shekaru a injin tsaga katako sai an ɗaga murya yake ji, yana kuma kukan wani sauti da ke masa ƙara a kunne da dare. Ƙurar da ke tashi wajen yankan tayil, dutse, bulo da kankare ita ma haka take. Tana ɗauke da sinadarin silika, wanda ke shiga can cikin huhu ya bar tabo. Cutar ba ta warkewa, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ɗaura hankici a hanci bai hana mafi ƙanƙantar ƙurar wucewa. Yanka da injin da aka ƙera don aiki da ruwa, da takunkumi mai tacewa, su ne ke rage ta.

Kula da injin kansa ba wani dogon karatu ba ne. A cikin yawancin waɗannan injina akwai 'yan gawayi biyu da ake kira kabon, masu isar da wuta ga abin da ke juyawa. Suna cinyewa a hankali. In ka leƙa ta ramukan iska ka ga tartsatsi ya yi yawa, ko injin ya fara yankewa yana dawowa, ko kana jin ƙauri, to lokacin canza su ya yi, kuma biyun tare ake canzawa. Wanda ya yi biris, kwayil ɗin injin ne zai ƙone, kuɗin gyara ya ninka. Ramukan iskar su ma a riƙa hure su, domin garin ƙarfe da na katako yana toshe su, injin ya yi zafi, garin ƙarfen kuma yana iya haɗa wuta da jikin injin. Dakusasshen zarto ya fi mai kaifi haɗari, saboda shi ne ke sa mutum dannawa da ƙarfi har hannu ya zame. Kada a ɗauki inji ta wayarsa, kada a ajiye shi kafin faifan ya tsaya cak. Masu batir kuma, kada a bar batirin a rana ko a cikin motar da aka rufe, wanda ya kumbura a daina amfani da shi.

Tufafi ma abin dubawa ne. Faffaɗan hannun riga, rawani ko carbi mai reto, duk abin da ke juyawa yana iya naɗe su. Safar hannu tana da amfani wajen ɗaukar ƙarfe mai kaifi ko mai zafi, amma kusa da injin huda ko zarton tebur tana iya jawo hannun gaba ɗaya.

In tsautsayin ya auku, a danne ciwon da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a nufi asibiti. Man birki, baƙin mai da ƙasa ba magani ba ne. In yatsa ya guntule, a naɗe shi a ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, ba a ɗora naman a kan ƙanƙarar kai tsaye ba. A tafi da shi da gaggawa babban asibiti, irin Asibitin Ƙashi na Dala, likita ne zai ce ko zai ɗinku. A kuma tambayi allurar hana sandarewar jiki.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansu a asusun hukumar NSITF domin wanda ya ji rauni. Amma mu faɗi gaskiya, hannun waɗannan dokoki bai cika kaiwa rumfar bakin titi ba, inda mafi yawan 'ya'yanmu ke koyon sana'a. A can dokar ita ce maigidan shago. Abin da yaro ya ga ogansa yana yi, shi zai ɗauka a matsayin sana'ar, shi kuma zai koya wa nasa yaran. Kuma galibi yaron ne ake miƙa wa aikin guga da yanka, don shi ne aiki mai ƙura da gajiya. In ya rasa ido, sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi masa sannu, a kai shi gida. Mun yi imani da ƙaddara, amma ɗan mutane amana ne, kuma wanda ya miƙa masa injin da ya san yana da lahani zai amsa tambaya a kan haka.

Ƙungiyoyin masu walda, kafintoci da masu aikin gini suna da ƙarfin da jami'in gwamnati ba shi da shi, domin suna cikin kasuwar kullum, sun san kowane shago da mai shi. Su sa sharaɗi cewa ba za a yaye yaro ba sai ya nuna ya iya karanta lambar faifai, ya iya canza kabon, ya san abin yi in wuta ta kama ɗan'uwansa. Iyaye kuma, kafin ku damƙa ɗanku ga mai sana'a, ku je shagon da ƙafarku ku ga yadda ake aiki, ku haɗa masa da tabarau na aiki da takalmi rufaffe tun ranar farko.