Kitsen Hanta da Dusar da Muke Ba Raguna

Tun 2023, da ƙungiyoyin likitocin hanta suka sauya wa cutar kitsen hanta suna, maganarta ta yawaita, amma kusan kowa ya ɗauke ta ciwon masu teɓa ko mashaya giya. Yunwa ma tana tara wa hanta kitse. Dakta Cicely Williams, wadda ta sanar da duniya sunan cutar kwashoko a 1935 daga ƙasar da yanzu ake kira Ghana, ta tarar da hantar yaran da cutar ta kama, masu kumburin ƙafa, cike da kitse.

Hanta ce ke ƙona maiƙo ya zama ƙarfin jiki, saura ta haɗa shi da furotin ta tura cikin jini. Ƙonawar ba ta yiwuwa sai da bitamin B2 da B3 da B5. Bitamin C kuwa da shi jiki ke haɗa sinadarin da ke kai maiƙon inda za a ƙona shi. In waɗannan suka yi ƙaranci, aiki ya yi sanyi, kitse ya soma kwanciya.

Je ka injin surfe a Sabon Gari ka tsaya. Masara na fitowa fara fat, dusa na taruwa a buhu, masu kiwo na jira da kuɗinsu. Mafi yawan bitamin B na hatsi a dusar nan yake. Rago ya yi sheƙi, yaro ya kwana da farin tuwo da miyar da ba ta ga wake ko gyaɗa ba. Abin na ci mini rai. Ita masara ma, B3 ɗinta a ɗaure yake, jiki ba ya iya cin moriyarsa sosai. Mutanen Meziko, inda ta samo asali, da ruwan toka ko farar ƙasa suke dafa ta don ya saku. Mu mun karɓi masarar, dabarar ba ta iso mu ba, ga gero da dawa muna ta ture su gefe.

A Samaru ake binciken noma tun 1922, nan aka fito da irin masarar SAMMAZ, ga kuma cibiyar NAERLS mai aikin wayar da kan manoma. Dokar ƙara bitamin a fulawa da sukari da mai ta 2002 ta tsaya a manyan kamfanoni, ba ta san injin unguwa ba. To, malaman Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyoyin nan ke ƙarƙashinta, me ya hana ku sauka kasuwar Samaru ku zauna da masu injin da matan da ke kawo niƙa?