Ranar da hazo ya rufe Zazzau, me matuƙin jirgi yake kallo?

Idan a Birnin Zazzau ka tashi, ƙarar ƙananan jirage ba baƙuwa ba ce a kunnenka. Ɗaliban Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ne, wadda aka kafa a Zariya a 1964, suke atisaye. Ranar da gari ya yi wasai, ɗalibi yana hango ganuwa, Ƙofar Doka da dutsen Kufena. To amma fa idan hunturu ya kankama, hazo ya shanye komai?

A nan ake bambance gwani da ɗan koyo. Da zarar ido ya daina ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, jiki sai ya fara yi wa mutum ƙarya. Ruwan da ke can cikin kunne, wanda yake daidaita mana tsayuwa, zai ce maka jirgi a miƙe yake alhali ya karkata yana gangarowa. Irin wannan ruɗewar ce masu bincike suka ɗora wa alhakin hatsarin da ya kashe ɗan tsohon shugaban Amurka John Kennedy a 1999.

Maganinta shi ne horon tuƙi da na'urori zalla. Malami zai sa maka abin da ke tare ganin waje, ka dinga bin agogon karkata, na tsayi, na gudu da na alƙibla. Ƙa'idar duniya ta nemi aƙalla awa 40 na irin wannan horo kafin a ba ka shaida.

Yanzu ka ɗora wannan a kan jirgin haɗin hannu mai gudu. Kada ka ce abin Turawa ne kawai. Air Beetle da sojojin saman Najeriya suka koyi tuƙi da shi, a Kaduna aka harhaɗa shi daga sassan RV-6A na kamfanin Van's, jirgin da mutane ke haɗawa a garejin gidajensu a Amurka. RV-6A na iya yin kusan kilomita 300 a awa, wato kilomita 5 kowane minti. Sitiyarinsa kuma ba nauyi, ɗan taɓi kaɗan ya juya. Ka sunkuya duba taswira na daƙiƙa goma, ka riga ka bar hanya. Shi ya sa ake fara koyo a na'urar kwaikwayon tuƙi da jirgi mai natsuwa, sannan a hau mai zafin.

Muna yawan ganin bidiyon matasanmu masu haɗa jirgi da injin mota a TikTok, kuma wallahi sun cancanci jinjina. Sai dai haɗawa rabin aiki ne. Ba wanda zai tashi da shi sai hukumar NCAA ta duba ta amince. Idan kana da wannan buri, ka riƙe lissafi, fiziks da Turanci gam, domin da Turanci ake magana da hasumiya. Makarantar kuwa tana nan bayan ganuwa, kuɗin Keke Napep ne tsakaninku.