Shin Ko Kun San? Solar da Ta Fi Silin Gashi Sirantaka

• Shin ko kun san akwai faifan sola da abin da ke kama hasken rana a jikinsa bai kai kaurin silin gashi ba? Shafa sinadarin ake yi a kan gilashi, ko ƙarfe, ko roba, kaurinsa bai wuce maikiron kaɗan ba, alhali yankan silikon na fayafayen da muka saba gani a kan rufi yakan kai maikiron 150. Maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya.

• David Carlson da Christopher Wronski na kamfanin RCA a Amurka ne suka fara haɗa irin wannan sola da silikon na shafawa a 1976. Ɗan baƙin gilashin da ke saman kalkuleta, jikan wannan aiki ne.

• Gonar sola ta Topaz da ke Kalifoniya, wadda aka kammala a 2014, tana da fayafai kusan miliyan 9 na kamfanin First Solar, tana ba da megawat 550. Da kadmiyom da teluriyom aka yi su.

• A 2010 Japan ta harba kumbon IKAROS, wanda hasken rana ke tura faffaɗan mayafinsa, ga kuma siraran sola a jikin mayafin suna samar da lantarki.

• Sabon sinadarin da ake ta rububinsa shi ne ferobskayit. A 2009 Tsutomu Miyasaka da abokan aikinsa sun samu kashi 3.8 cikin ɗari na hasken ya koma lantarki. Yau an haura kashi 25 a ɗakunan bincike. Matsalarsa ita ce danshi da zafi na saurin lalata shi, kuma akwai dalma a cikinsa.

• Duk faifan sola ƙarfinsa na raguwa idan ya ɗau zafi, amma na kadmiyom da teluriyom bai kai na silikon raguwa ba. Wannan babban labari ne ga masu zama a Sakkwato, Maiduguri ko Agadas.

• Sai dai teluriyom na da ƙaranci ƙwarai, galibi wajen tace jan ƙarfe ake samunsa. Kadmiyom kuwa guba ne, don haka ba a jefa mataccen faifai a juji.

Har gobe silikon ne ke riƙe da sama da kashi 90 cikin ɗari na kasuwar duniya. Ɗalibanmu na kimiyya, ga fili nan: rana dai muna da ita, saura ilimin sarrafa ta.