Gaɓa da Mahaɗa: Sunayen Mahaɗun Ƙashi da Motsinsu a Hausar Ƙasar Katagum

1.0 Gabatarwa

An kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a Azare a shekarar 1442 Hijira, wato 2021, a ƙasar da maɗoran gargajiya suka daɗe suna gyaran karaya da targaɗe. Ɗalibin likitanci da maɗori ƙashi ɗaya suke taɓawa, amma kowa da yadda yake kiransa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa Bahaushe yana raɗa wa mahaɗar ƙashi suna ne bisa inda take, alhali masana jiki suna rarraba ta bisa yadda take motsi, sannan a duba ko fi'ilan Hausa za su iya cike wannan giɓi.

2.0 Kalmar gaɓa

Gaɓa kalma ce mai ɗaukar kaya da yawa. Akwai gaɓar rake da gaɓar kara, akwai gaɓar kalma a nahawu, kuma gaɓoɓin jiki sun haɗa da hannu da ƙafa ɗungurungum. Saboda haka ya fi dacewa a keɓe mahaɗa ga wurin da ƙashi biyu suka gamu. Sunayen da ake da su, irin su gwiwa, gwiwar hannu, wuyan hannu, idon sawu da kafaɗa, duk wuri suke nunawa. Abin lura ma, gwiwar hannu aro ce daga ƙafa, wuyan hannu kuwa aro daga wuya.

3.0 Ire-iren mahaɗa

Baligi yana da ƙasusuwa 206, mahaɗunsu kuma kashi uku ne. Na farko ba sa motsi, kamar ɗinkin ƙoƙon kai. Maɗigar jariri, wadda takan rufe kafin ya cika shekara 2, shaida ce ta wannan haɗi tun bai kammala ba. Na biyu suna motsi kaɗan, kamar ƙashin baya, inda guringuntsi ya shiga tsakani.

Kashi na uku, masu ruwa mai santsi a ciki, su ne masu yalwar motsi. Gwiwar hannu tana lanƙwasuwa da miƙuwa kawai, kamar ƙyaure. Gwiwa ma haka take, sai dai idan an lanƙwasa ta tana ɗan murɗuwa. Kafaɗa da kwatangwalo kuwa tamkar turmi da taɓarya ne, domin kan ƙashi mulmulalle yana zaune cikin gurbi, yana juyawa ko'ina. Gurbin kafaɗa ba shi da zurfi, shi ya sa ta fi kowace babbar mahaɗa saurin gocewa, yayin da kwatangwalo mai zurfin gurbi ba ya gocewa sai da mummunan haɗari. Mahaɗar ƙashi na ɗaya da na biyu a wuya ita ke ba mutum damar waiwaye. Gindin babban yatsa yana zaune kamar mahayi bisa sirdi, ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu kuma zamiya suke a kan juna.

4.0 Gudummawar fi'ili

A tsarin Parsons na 1960, fi'ili ɗan aji bakwai yana ɗauke da ma'anar yiwuwa idan ya zo a sigar ci gaba: yana lanƙwasuwa, yana juyuwa, yana murɗuwa. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da rabe-raben masana jiki yake nufi, wato iyakar abin da mahaɗa za ta iya. Don haka mahaɗa mai lanƙwasuwa, mai juyuwa, da mai murɗuwa sun fi aro daga Ingilishi sauƙin fahimta ga majinyacin da ya zo daga Chinade ko Madara.

Inda gizo ke saƙa shi ne kalmar jijiya. Ita ce hanyar jini, ita ce mai kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, ita ce kuma igiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Maɗori ya san bambancin targaɗe, inda wannan igiya ta miƙe fiye da kima ko ta yage, da gocewa, inda kan ƙashi ya bar gurbinsa, amma a bakinsa duk jijiya ce. Kafin a ƙirƙiro sababbin kalmomi a nan, ya kamata a fara tattara waɗanda maɗoran Guddiri suke amfani da su a bakin aiki.