Tsoron Aro: Me Ya Hana Dodonmu Shiga Fim?

Wata rana da yamma na tsaya cajin waya a rumfar masu tura fim da ke gefen kasuwar Kakuri, sai ga wani yaro da bai wuce shekara goma sha huɗu ba ya miƙo wayarsa. "Oga, a sa mini na ban tsoro, wanda zai hana ni barci." Mai rumfar bai ko ɗaga kai ba ya shiga jero masa: na Amurka mai 'yar tsana, na Indiya mai macijiya da aka juya zuwa Hausa, na Kudu mai matsafa. Na tsoma baki na ce, na Hausa fa? Ya tuntsire da dariya. "Haba Baba, namu ai soyayya ce da kishi. In ka ga aljani a ciki, dariya za ka yi."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin a nan Kaduna ne aka yi ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi nasara wajen mayar da littafi wasan kallo. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya ɗauki Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya mai da shi shiri mai dogon zango, marigayi Ƙasimu Yero na cikin 'yan wasan, kuma Musulmi da Kirista duk sun zauna gaban akwati ɗaya sun kalla. Kafin nan Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da bidiyo ya zo, marubutan Kano suka bi sahu: Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, aka kuma yi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Yanzu da finafinai masu dogon zango suka cika YouTube da Arewa24, furodusoshi sun sake komawa ƙofar marubuta, don shirin da za a ja shi mako-mako yana cin labari kamar gara. Sai dai abin da ake ɗiba daga littattafan kusan ɗaya ne: aure, gado, kishiya, ɗan mai kuɗi da 'yar talaka.

A waje kuwa, ɓangaren ban tsoro shi ne rijiyar da ba ta ƙafewa. Dracula na Bram Stoker ya fito a 1897. Jamusawa suka yi Nosferatu daga gare shi a 1922 ba da izini ba, har kotu ta ce a lalata fim ɗin, amma ga shi an sake yin sa a 2024. Frankenstein na Mary Shelley tun 1818 yake, kuma a 2025 ma an sake fitar da sabo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: yanzu tsohon labari irin waɗannan ba shi da mai neman kuɗin haƙƙin mallaka, kuma sunansa kaɗai talla ne. To ai tatsuniya ma ba ta da mai ita. Dodon da ke hana ɗiban ruwa sai an ba shi budurwa, mayya mai kama kurwa, fatalwa, 'yan ruwa, inna mai shanye ƙafa, duk suna nan kyauta. Sarauniya Films ta taɓa gwadawa da tatsuniyar Daskin-da-Riɗi, marubuta irin su Nazir Adam Salihi sun nuna cewa mai karatun Hausa yana son abin da zai tayar masa da tsikar jiki, amma hanyar ba ta zama turba ba.

Kuɗi na cikin dalilan, ko da yake ana yawan ɗora masa laifin da ya fi ƙarfinsa. Gaskiya ne fim ɗin tsoro yana son aikin dare, da janareta, da mai kwalliyar da ya san aikinsa, da mai haɗa sauti, alhali wasan falo kujera uku da labule sun ishe shi. Amma Living in Bondage da ya girgiza Najeriya a 1992 ba da wasu manyan na'urori aka yi shi ba.

Babban dalili a ganina shi ne, a wajenmu aljani ba almara ba ne. Bature yana kallon Dracula yana cin gugguru don ya san babu shi. Mu kuwa kowace unguwa akwai gidan da aka taɓa yi wa yarinya ruƙiyya, ko aka kwana ana addu'a a kanta a coci. Mai shirya fim yana tafiya ne a kan siraɗi: in ya nuna bori ko tsafi da ƙarfinsu a ce yana tallata shirka, ga kuma hukumar tace finafinai ta Kano da aka kafa a 2001, alhali kasuwar Kano ce kowa ke hari ko da a Kaduna ya ɗauki fim ɗinsa. Mafita mai sauƙi ita ce a mai da boka abin dariya, da jan ƙyalle da muryar kwaɗo, sannan malam ya zo a minti biyar na ƙarshe ya tofa, komai ya lafa. Finafinan coci ma haka suke yi da fasto. Mai kallo ya san ƙarshen tun kafin a fara, tsoro kuwa ba ya zama inda aka san ƙarshe.

Asarar ta fi fitowa fili a kudancin kogin Kaduna. Tun rikicin 2000 da na 2002 garin ya rabu, amma harshe bai rabu ba. A Sabon Tasha da Narayi da Television da Barnawa, Bajju da Atyap da Ham da Adara da Gbagyi da Hausa suke ciniki, da ita da yawansu suke waƙa a coci, kuma kowannensu yana da nasa labaran dodanni da maita. Fim ɗin auren Kano bai cika yi musu magana ba, shi ya sa suka karkata ga na Legas da Asaba. Labarin tsoro ne kaɗai nake ganin zai iya tsallake gada ba tare da an tambaye shi addininsa ba, kamar yadda shirin Magana Jari Ce ya yi a da. A maimakon haka yaro a Kakuri ya san sunan 'yar tsanar Amurka, bai san Dodo ba sai a matsayin abin da ake razana jariri da shi. Marubuci kuma, ganin ba mai sayen irin wannan labari, sai ya koma rubuta abin da furodusa ke biya.

Wurin ɗauka ma ba sai an gina ba. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya tun 2002, kuma duk wanda ya bi ta Kakuri da magariba ya ga dogayen gine-ginen masaƙun nan shiru, ciyawa ta cinye harabarsu, ya san abin da nake nufi. Masu shirya fim na Kaduna, ku nemi tsohuwa ɗaya a Makera da wata a Unguwar Boro, ku zauna su ba ku labarin da ya hana su fita fitsari da dare suna yara, ku biya marubuci ya gyara shi, ku kuma bar malam da fasto su sha wuya kafin su yi nasara.