Aska ko Saiwa: Mararrabar Sabon Likita

Tun kafin zuwan asibiti Bahaushe ya raba aikin warkarwa: wanzami da askarsa, boka da saiwoyinsa. Irin wannan mararraba ce ke jiran likita bayan shekara shida a jami'a, da shekarar horo a asibiti, da ta bautar ƙasa. Idan ya nemi ƙwarewa a ƙarƙashin kwalejin manyan likitoci ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, manyan hanyoyin biyu ne: fiɗa ko magani.

Likitan magani mai bin diddigi ne. Ciwon sukari da hawan jini ba sa sakin mutum, saboda haka yakan shekara da shekaru da majinyaci ɗaya, yana awo, yana sauya ƙwaya. Likitan fiɗa kuwa, idan hanji ya huje da tsakar dare, ba shi da gobe. Tilas ya yanke shawara nan take, ya yi awoyi a tsaye.

Ashe ke nan halinsa ya kamata ya duba, ba kuɗi ko suna ba. Mai garaje zai ƙosa da ciwon da ba ya ƙarewa, mai nawa kuwa aska ba ta jiransa. In aka yi zaɓen tumun dare, majinyaci ne zai kwana ciki.